"Da sauƙi" ba ta isa awo ba: kira kan masu daɗaɗɗen ciwon baki a Sakkwato

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan wasu marasa lafiya da ba a cika jin kukansu ba, wato masu fama da ciwon fatar cikin baki, irin wanda yake lafawa ya dawo, shekara da shekaru. Mu ma'aikatan lafiyar baki da haƙori ne a nan Sakkwato, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake duba waɗannan bayin Allah. Likita zai haska fitila, ya ga miki, ya auna faɗinsa, ya rubuta a kati. Sai ya ce, "Baba, yaya jikin?" Baba ya ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi." Shi ke nan, an rufe kati, an kira na gaba. Alhali dattijon nan wata uku rabonsa da tuwo da miya mai yaji, ya bar aswaki don dasashinsa na zubar da jini, ya daina zama majalisa don kada a miƙo masa goro ya rasa abin faɗi.

Kowane Bahaushe ya san "da sauƙi" ladabi ce da godiya ga Allah. Wanda ke kwance rai a hannun Allah ma ita yake faɗi, kuma ba za mu so a raba mutanenmu da wannan ɗabi'a ba. Amma likitan da ya ɗauke ta a matsayin awon lafiya ya yi wa mara lafiyarsa rashin adalci, don ya bar ainihin wahalar a waje.

Cututtukan da muke nufi ba ciwon haƙori ba ne. Mafi yawansu shi ne ƙananan miki masu zuwa su tafi, waɗanda ke fitowa a cikin leɓe ko kumatu ko gefen harshe, farare da jan baki kewaye. Ƙananan, waɗanda ba su kai santimita ɗaya ba, sukan warke cikin kwana 7 zuwa 14. Manyan kuwa sukan ɗauki makonni, har su bar tabo. Akwai wadda likitoci ke kira laikin filanus, wadda ke zana fararen layuka kamar saƙar gizo a cikin kumatu biyu. Wani yana ɗauke da ita shekaru bai sani ba, wani kuwa fatar takan saɓule ta yi ja wur, ko ruwan lemo ba ya iya kurɓa. Akwai femfigus, wadda ta fi su haɗari: garkuwar jiki ce ke juyowa ta kai hari ga abin da ke manne ƙwayoyin fata da juna, sai bororo ya fito ya fashe nan da nan ya bar ɗanyen nama, kuma ga yawancin masu ita a baki take farawa kafin ta bayyana a fatar jiki. 'Yar uwarta femfigoyid takan kama dasashi, tana kuma iya taɓa ido ta bar tabon da zai cutar da gani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ɗauka ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya ko shan ruwa a moɗa ɗaya. Muna so masu karatu su riƙe wannan, don ƙyamar da ake nuna wa masu su tana cikin abin da ya fi ci musu rai.

Abin da ya haɗa su shi ne, yawanci ba a warkar da su gaba ɗaya, lallaɓa su ake yi. To idan magani ba zai kawar da cuta ba, da me za a gane yana aiki? Girman miki kaɗai ba ya faɗa. Miki kamar ƙwayar gero a gefen harshe, inda haƙori ke gogarsa a kowace kalma, yana iya hana malamin makaranta koyarwa, alhali wani faffaɗan farin tabo a kumatu ba ya damun mai shi ko kaɗan. Abin da ido ke gani da abin da mai ciwo ke ji sukan rabu, shi ya sa aka ƙirƙiro takardun tambayoyi da ke auna yadda ciwo ya taɓa rayuwar mutum, a mayar da amsarsa maki, a kwatanta na yau da na watan jiya.

Wadda ta fi yaɗuwa a fannin lafiyar baki ita ce OHIP-14, wadda aka fitar a 1997 a Ostireliya, an taƙaito ta daga wata mai tambaya 49. Tambayoyinta 14, kowace daga sifili zuwa 4, jimla 56. Tana da amfani, sai dai an gina ta ne da tunanin haƙora da haƙoran roba, ba ta tambaya a kan illar magani ko fargabar ciwon da ba a san ranar tashinsa ba. Don haka a 2011 masana a asibitin koyar da aikin haƙori na birnin Cork, a ƙasar Ailan, suka fitar da wata musamman domin waɗannan cututtuka, ana kiranta COMDQ. Abin da ya burge mu game da ita shi ne daga bakin marasa lafiya aka tattaro abin da za a tambaya. Tambayoyinta 26 ne a rukuni huɗu: 9 a kan ciwo da abin da ya hana mutum yi, 6 a kan magani, 7 a kan halin zuciya da cuɗanya da jama'a, 4 a kan tallafin da mutum ke samu. Kowace amsa daga sifili zuwa 4, jimla 104, kuma yawan maki yana nufin yawan wahala. A 2020 an fitar da gajeruwarta mai tambaya 15 a Landan, wadda ta fi dacewa da ɗakin duba marasa lafiya mai dogon layi.

Nan ne aikin yake. Wani zai ce ai sai a ba wani mai jin Turanci ya juya ta Hausa da yamma, gobe a buga. Wannan hanya ce ta tara lambobin da ba su nufin komai, kuma ga dalili.

Ɗauki kalmar "zafi". Takardar tana da tambaya a kan abinci mai yaji ko tsami, wata a kan abinci mai kaushi, wata kuma a kan ɗumi ko sanyin abinci. A Hausa kunun da aka sauke yanzu yana da zafi, barkono yana da zafi, miki ma yana zafi. Idan ka ce wa tsohuwa, "Inna, abinci mai zafi yana sa miki zafi?" ba ka san wanne ta amsa ba. Dole a kira abu da sunansa: shayi ko kunu mai tururi a tambaya ɗaya, yajin tsire, kunun tsamiya, nono mai tsami da zoɓo a wata, ƙuli-ƙuli, kilishi, ƙanzo da soyayyar gyaɗa a ta uku. Su ma kalmomin ciwo ba ɗaya ba ne. Raɗaɗi daban, zogi daban, ƙuna daban, suka daban. Masu laikin filanus sun fi kwatanta nasu da raɗaɗi ko ƙuna, kuma idan aka tambaye su da wata kalma suna iya cewa babu, da gaskiyarsu.

Rukunin halin zuciya ya fi wuya. Turancin ya raba baƙin ciki da fargaba da matsin rai, kowanne da tambayarsa, mai fassara na gaggawa kuwa zai zuba su duka cikin "damuwa", sai mara lafiya ya ga ana maimaita masa abu ɗaya sau uku, ya gaji ya riƙa ba da amsa ɗaya. Akwai kuma tambayar da ke neman sanin ko mutum yana kallon gaba da baƙin ido. Ka tambayi Basakkwace ko ya yanke ƙauna, ka taɓa masa imani ne. Zai ce a'uzubillahi, gobe ta Allah ce, ka rubuta sifili, alhali dare ba ya barci. A tambaye shi ta inda addininsa bai hana shi amsawa ba: "Tunanin ciwon nan yana hana ka barci?" ko "Sau nawa tunaninsa ke faɗo maka kana cikin wani aiki?"

Akwai hanyar da masana suka yarda da ita wajen mayar da irin wannan takarda wani harshe, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba. Mutum biyu waɗanda Hausa ce harshen uwarsu su fassara, kowa shi kaɗai, ɗaya ma'aikacin lafiya, ɗaya wanda bai san aikin asibiti ba. A haɗa fassarorin a daidaita. Sai wasu biyu da ba su taɓa ganin ta asali ba su mayar da Hausar Turanci, don a ga inda ma'ana ta zame. Sannan kwamiti ya zauna, da likitoci da masanin harshe da masu fassarar. Bayan haka a gwada ta a kan marasa lafiya 30 zuwa 40, kuma bayan kowace tambaya a ce, "Me ka fahimta da wannan? Faɗa mini da bakinka." Wannan mataki shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ne mai tona asirin fassara. A cikin waɗanda za a gwada da su kada a tsaya ga 'yan cikin gari. A sa mutumin Gada da na Isa da na Tambuwal, a sa matan ƙauye, a sa Bafulatanin da Hausa ce harshensa na biyu, don Hausar littafi da wadda ake yi a kasuwar Illela ba koyaushe suke haɗuwa ba. Daga ƙarshe a sake yi wa wasu tambayoyin bayan kamar mako biyu, waɗanda ciwonsu bai canza ba. Idan makinsu ya yi tsalle, laifin takardar ne.

Ko an fassara ta da kyau, akwai abubuwan rayuwarmu da waɗanda suka tsara ta ba su yi tunaninsu ba. Musulmi yana kurkure baki a kowace alwala, kuma da hunturu ruwan randa a kan ɗanyen miki azaba ce. Aswaki sunna ce, mai kumburin dasashi yana barinta da ciwon zuciya. Mai karatun Alƙur'ani yana buƙatar gefen harshe da ƙarshensa don fitar da haruffa daga mafitarsu, ladan da liman da mai talla a kasuwa kuwa da baki suke aiki. Ga azumi: idan ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, baki yana bushewa, miyau da ke kare fata yana raguwa, ga shi mutum zai buɗe baki da kunun tsamiya da ƙosai mai yaji. Ga kuma zargi. Mace mai mikin baki da ba ya warkewa, tana ramewa don ba ta iya ci, ba a daɗewa sai a fara raɗe-raɗin ƙanjamau ko sammu, a ware mata kwano. Shawararmu ita ce kada a ƙara ko a rage ko ɗaya cikin tambayoyi 26 ɗin, don a iya kwatanta sakamakonmu da na sauran ƙasashe, amma a ƙara wani ɗan shafi na tambayoyi biyar ko shida a kan alwala, karatu, azumi, ci tare da iyali da zargin mutane, a lissafa makinsa daban.

Yadda ake yin tambayar ma yana iya ɓata komai. A Turai miƙa wa mutum takardar ake yi ya cike. A nan da yawa ba su karatun boko, wasu ajami suka iya, don haka karanta musu za a yi. Kada likitan da ya rubuta magani ya zama shi ne mai tambaya. Alkunya ba za ta bar mutum ya dubi idon likita ya ce maganinka bai yi ba. A ba wata nas ko ma'aikacin da aka horar, kafin a shiga wurin likita, mace ta tambayi mace. A nemi mai rakiya ya ɗan ba da wuri cikin mutunci: "Alhaji, a yi mana haƙuri da minti goma." In ba haka ba miji ko uwar miji ne za su amsa, kuma babu matar da za ta ce ba ta samun tallafi a gida alhali mai gidan yana tsaye a kanta. Mai tambaya ya karanta kamar yadda aka rubuta, kada ya ƙara gishiri, kada ya ce "ai ba ya damunki sosai, ko?" Lokacin da ake tambaya a kansa ma a ɗaure shi da abin da mutum zai tuna, kamar "daga Juma'ar da ta wuce" ko "tun ganin watan nan".

Matakan amsa biyar, daga babu ko kaɗan zuwa matuƙa, suna rikita wanda ake karanta wa, don kafin a kai na biyar ya manta na biyu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a raba tambayar biyu: yana damunka ko ba ya damunka? In ya ce yana damuna, sai a nuna masa kofuna huɗu, ɗaya da ɗan ruwa a gindi, ɗaya rabi, ɗaya ya kusa cika, ɗaya fal, ya nuna da yatsa. Wajen auna tsananin ciwo ana amfani da layi mai tsawon santimita 10, mutum ya sa alama, a auna da rula. Matsalarsa biyu. Injin kwafi yakan rage ko ya ƙara tsawon layin, don haka a auna kowane sabon bugu. Sannan wanda ya saba da ajami daga dama yake farawa, yana iya ɗaukar ƙarshen layin a matsayin farkonsa. Ƙwayar wake goma a tafin hannu ta fi: "In duka goman nan su ne ciwon da ya fi kowane ciwo, naka na yau guda nawa ne?"

Wajen lissafi a kula da tambayoyin gamsuwa. Wanda ya ce ya gamsu ƙwarai da magani ko da tallafin iyali yana cikin hali mai kyau ne, don haka makin irin waɗannan a juye yake tafiya, kuma mai tarawa cikin gaggawa yakan manta. Kada kuma a tsaya ga jimla. A ɗauka mutum biyu kowanne ya sami 50 cikin 104. Na farko 30 daga cikin makinsa a rukunin ciwo suke, wanda iyakarsa 36: wannan maganinsa ne bai isa ba, ko kuma ba ya amfani da shi daidai. Ta biyu ciwonta 10 kacal, amma ta sami 24 cikin 28 a rukunin halin zuciya, sauran a magani da tallafi. Ƙara mata ƙwaya ba zai yi komai ba. Abin da take bukata a zaunar da ita a yi mata bayanin cutar, a kira mai gidanta a gaya masa a gabanta cewa ba a ɗauka. Awo ɗaya ma ba ya wadatarwa, musamman ga mai miki mai zuwa ya tafi, wanda ranar asibiti kan iya faɗowa lokacin da bakinsa ke lafiya lau. A auna ranar farko, a sake bayan mako huɗu zuwa shida da fara magani, sannan a kowace dawowa, a rubuta makin rukuni huɗun a jere a bangon kati inda ido zai faɗa.

Rukunin magani yana da muhimmanci na musamman a wurinmu. Jigon maganin waɗannan cututtuka shi ne sitiroyid, wato maganin da ke kwantar da kumburi da danne garkuwar jiki. Sau da yawa likita kan rubuta ƙwayar betamethasone mai narkewa, ta rabin miligiram, a narka a ruwa mililita 10, a riƙe a baki 'yan mintoci, a tofar, har sau huɗu a yini. Abin da ke faruwa shi ne wani ya haɗiye, wani ya sha ruwa nan take ya wanke maganin, wani ya bari gaba ɗaya da azumi don ba a tsara masa lokutan tsakanin buɗa-baki da sahur ba. Daɗewa a kansa yana iya kawo farar fumfuna a baki, mai shi ya ɗauka tsohon ciwon ne ya tashi ya ƙara magani, abin ya daɗa lalacewa. Masu femfigus da ke shan ƙwayar sitiroyid ta prednisolone kuwa suna fuskantar hawan jini da hawan sukari da kumburin fuska, kuma tsayar da shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha haɗari ne ga rai. Wanda kuɗin mota daga ƙauye ya gagare shi yakan koma kemis ya ci gaba da saye da tsohuwar takarda. Tambaya a kan tsadar magani da tsoron illarsa ita ke fito da wannan, don ba mai faɗa da kansa.

Kada a fahimce mu a baibai: takardar ba ta maye gurbin duba baki. Laikin filanus tana cikin cututtukan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin masu iya rikiɗewa zuwa sankara, kodayake kaɗan ne, wajen ɗaya cikin ɗari, kuma sankarar baki a farkonta sau da yawa ba ta ciwo. Mutum yana iya samun maki mai kyau alhali abu na girma a ƙarƙashin harshensa. Duk mikin da ya wuce mako uku bai warke ba, ko ya yi tauri, ko farin tabo ko ja da ba ya gogewa, musamman ga mai shan taba ko mai sa ta a leɓe, sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji.

Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga ciwon baki. A nan aka buɗe asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cin naman baki da fuska, a 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Ma'aikatan da suka yi shekaru suna sauraron waɗanda noma ta bar su da wahalar ci da magana da shiga jama'a sun san yadda ake yin irin wannan tambaya, ya kamata a ci moriyar saninsu. Muna kira ga sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da masana Hausa na jami'ar da Ma'aikatar Lafiya ta jiha su haɗa hannu su samar da wannan takarda da Hausar da mutanenmu ke ji, a boko da ajami, a kuma naɗi sautinta da muryar namiji da ta mace, yadda ma'aikacin asibitin ƙaramar hukuma zai kunna a wayarsa kowa ya ji tambaya iri ɗaya. A fara da gajeruwar mai tambaya 15, da kofuna huɗu da ƙwayar wake goma a kan tebur.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiyar baki da haƙori,
Sakkwato.